Zare Huɗu, Ƙwaya Biyu: Yadda Aikin Manhajar Hoto Ke Tafiya a Garwa

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Ga inda aiki ya tsaya. Shagon Kawu na hoto da buga takardu yana karɓar kwangilar katin ɗalibai daga makarantu, kuma yanzu malamai sun daina kawo yara shago. Da waya suke ɗaukarsu a aji, su turo hotunan ɗari-ɗari. Kowane hoto sai an yanke shi, a rage shi ya koma 4x4, a ba shi lamba, a jera shi a takardar A4, sannan a buga. Manhajar da na rubuta da Python, wani harshen rubuta manhaja, ita ke yin wannan duka. Pillow ke sarrafa hoto, Tkinter ke zana tagar da ake dannawa, SQLite kuma ke riƙe sunaye da lambobi. Santimita 4 a ma'aunin ɗigo 300 kowane inci ya kama ɗigo 472 tsawo da faɗi, alhali hoton waya yakan zo da ɗigo 4000 a kan 3000. Yawancin abin da kyamara ta ɗauko zubar da shi ake yi.

Tana aiki, sai dai da an danna maɓallin farawa tagar takan yi fari fat, Windows ta rubuta "Ne répond pas", wato "ba ta amsawa" da Faransanci, a samanta. Ƙanena da ke zama a kan kwamfutar sai ya zaci ta mutu, ya kashe ya sake kunnawa, aiki ya koma farko. Ba mutuwa ta yi ba. Ƙa'idar Windows ce cewa tagar da ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙon linzami ko na madannai ba, an ɗauke ta a matsayin wadda ta sandare. Manhajata kuwa a kan zare ɗaya take tafiya, abin nan da masu sana'ar ke kira thread, wato jerin umarni guda da CPU, ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta, ke bi ɗaya bayan ɗaya. Zaren da ya kamata ya saurari linzami shi ne ya duƙufa a kan hotuna, ba zai ɗago kai ba sai ya gama.

Akwai bambancin da nake so in rubuta tun yanzu, don zai yi ta dawowa. Idan aka kunna manhaja, Windows takan buɗe mata furoses: a yanka mata nata yankin RAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, da nata fayilolin da ta buɗe, wani furoses ba ya leƙa ciki. Zare kuwa a cikin furoses yake zaune, kuma abin da ya mallaka shi kaɗai bai taka kara ya karya ba. Yana da alamar inda ya kai a cikin umarni, da abin da ke cikin rajistocin CPU, ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikinta, a lokacin, da ɗan wurin ajiya na wucin gadi wanda Windows ke ware masa megabayit 1 idan ba a ce komai ba. Sauran komai na tarayya ne tsakaninsa da 'yan'uwansa zaruruwa na wannan furoses.

Buƙata biyu ce: taga ta daina sandarewa, lokacin aikin kuma ya ragu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwamfuta biyu muke da su. Tawa ta cinya ce ta gwanjo, mai Core i5-3320M. Ta shago ta tebur ce, mai Core i5-3470. Tsara ɗaya ne, duka na 2012. Idan aka tambayi Python adadin CPU da os.cpu_count(), duka biyun 4 take cewa. Amma a Gestionnaire des tâches, tagar Windows da ke nuna abin da kwamfuta ke yi, a shafin CPU layi biyu ne a rubuce. Ta tebur ta nuna "Cœurs", wato ƙwayoyi, 4, "Processeurs logiques", wato guraben da Windows ke gani, 4. Tawa ta nuna 2 da 4. Huɗun nan biyu ba iri ɗaya ba ne.

Ƙwaya ita ce ainihin injin lissafi da aka sassaƙa a jikin silikon, kuma tawa biyu gare ta. Abin da ya mayar da su huɗu a idon Windows shi ne dabarar da Intel ke kira Hyper-Threading. An ninka wa kowace ƙwaya rajistocinta da alamar inda aka kai, ta yadda za ta iya riƙe zare biyu a lokaci guda, amma sassan da ke yin tarawa da ninkawa, da ƙaramar ma'ajiyar nan ta kusa da ake kira kash, ba a ninka su ba. Dalilin yin hakan shi ne ƙwaya mai yawan jira ce. Abin da ke cikin kash na kusa yakan iso cikin bugu huɗu ko biyar na agogon CPU, wanda sai an je RAM kuwa yakan ci bugu ɗari biyu ko fiye. A cikin wannan giɓi ne ake cusa umarnin zare na biyu.

Kamar injin niƙa ne guda a unguwa da aka yi masa layi biyu. Yayin da ta layin dama ke kwance bakin buhu tana tsince tsakuwa, sai a zuba hatsin ta hagu. Inji ya daina gudu a banza, amma ba a sami inji biyu ba, kuma idan duka biyun sun shirya a tare dole su raba baki ɗaya.

Intel ta fara sa dabarar a Xeon a farkon 2002, sannan a Pentium 4 mai gudun 3.06 GHz a watan Nuwamba na shekarar. Su kansu ba su yi alkawarin ninki ba. Cewa suka yi ana iya samun ƙarin da ya kai kashi 30 cikin ɗari a wasu ayyuka, da ƙarin faɗin silikon kusan kashi 5 kacal. Tunanin ya girme su, don tun 1995 Dean Tullsen da Susan Eggers da Henry Levy na Jami'ar Washington a Amurka suka wallafa bincike a kai. AMD ta shigo da nata a 2017 tare da Ryzen, IBM kuwa ta kai zare 8 a kan ƙwaya guda a POWER8. Abin mamaki, Intel ɗin da kanta ta cire dabarar daga sababbin CPU nata na Lunar Lake da Arrow Lake a 2024.

A shafin nan na Gestionnaire des tâches dai akwai wani adadi, na zaruruwan da ke raye a kwamfutar, kuma a tawa ya haura dubu ko da ban buɗe komai ba. Waɗannan na manhaja ne, ba na silikon ba. Kusan dukansu barci suke, wani yana jiran a danna madanni, wani yana jiran intanet, wani yana jiran agogo. Waɗanda suka farka su Windows ke raba wa gurabu huɗun nan, kowa ya sami 'yan milisakan kaɗan a sauke shi a ɗora wani. Saboda haka ko kwamfuta mai ƙwaya ɗaya tana iya tafiyar da zaruruwa ɗari. Bi da bi ne kawai, ba tare ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun bikin matasa, 'yan makaranta suna can suna maci, shago shiru. Na sami damar raba manhajar gida biyu. Babban zare ya tsaya kan taga kaɗai, na buɗe wani daban ya ɗauki aikin hotuna.

Tkinter yana da sharaɗi: zaren da ya ƙirƙiri taga shi ne mai taɓa ta. Don haka zaren aiki ba ya rubuta komai a allo. Duk hoton da ya gama, sai ya jefa ɗan saƙo a cikin queue.Queue, layin da aka gina shi musamman don zaruruwa su miƙa wa juna abu ba tare da karo ba. Babban zare kuma yana leƙa layin kowane milisakan 100 ta hanyar after(), ya kwashe abin da ya taru, ya matsar da sandar da ke nuna ci gaba. Na ƙara maɓallin tsayawa, wanda ba ya kashe zaren, tuta kawai yake ɗagawa da threading.Event, shi kuma zaren aiki ya duba ta kafin ya ɗauki hoto na gaba. Python ba ta ba da hanyar kashe zare daga waje, kuma na ga hikimar hakan: wanda aka kashe yana tsakar rubuta fayil zai bar rabin hoto a faifai.

SQLite ma ta nuna nata hali. Hanyar da aka buɗe zuwa rumbun bayanai a zare ɗaya, Python ba ta yarda a yi amfani da ita a wani. Na buɗe wa zaren aiki tasa.

Kawu ya leƙo da la'asar, ya duba agogon hannunsa ya ce, "To ɗan nan, ai lokacin bai ragu ba." Na ce, "Bai ragu ba, Kawu, amma yanzu kuna ganin inda aka kai, kuma ba wanda zai kashe ta da zaton ta mutu." Ya ce wannan ma wani abu ne, amma shi kwastoma agogo yake kallo. Da gaskiyarsa. Zare na biyu bai ƙara wa aikin hannu ba, saurare kawai ya ware wa mai yinsa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yanzu batun gudu. Maimakon zaren aiki ɗaya na sa ThreadPoolExecutor, wanda ke buɗe zaruruwa kaɗan ya riƙa miƙa musu hotuna ɗaya-ɗaya. Idan ba a faɗa masa adadi ba, tun daga Python 3.8 yakan ɗauki yawan gurabun CPU ya ƙara 4, muddin bai wuce 32 ba, wato 8 ke nan a wurinmu. Ban bar masa zaɓin ba. Na ɗauki kundin hotunan aji guda na gwada shi da adadi daban-daban a kwamfutocin biyu.

A ta tebur, zare 2 ya rage lokaci zuwa kusan rabi, 4 ya kai shi wajen kashi ɗaya cikin uku, 8 bai ƙara komai ba. A tawa, 2 ya ba da kusan rabi shi ma, amma daga 2 zuwa 4 ɗan ragi ne da sai an sa ido. Nan ne bambancin ƙwaya ta gaske da gurbin Hyper-Threading ya fito fili. Rage girman hoto lissafi ne tsantsa a kan ɗigogin da ke jere da juna, ƙwaya ba ta cika jira ba, don haka babu giɓi mai yawa da zare na biyu zai cike.

Da na kai 16 a tawa sai abin ya juye, aikin ya fi na zare 4 jinkiri. Lissafin a bayyane yake. Hoton JPEG da ke megabayit uku ko huɗu a faifai, idan aka buɗe shi ɗigo miliyan 12 ne, Pillow kuma bayit 4 take ajiye wa kowane ɗigo mai launi. Megabayit 48 ke nan. Goma sha shida a buɗe lokaci guda sun kama 768, ban da kwafin da ake yi wajen juyawa da yankewa. RAM ɗina gigabayit 4 ne, Windows da burauza sun riga sun cinye fiye da rabi. Sai ta fara kwashe kaya tana zubawa a faifai, shi kuma tsohon faifai ne mai juyawa.

Wani abokin karatuna da ke Ngaundare ya turo mini saƙo cewa ai zare a Python ɓata lokaci ne, saboda makullin nan da ake kira GIL, wanda ke hana zare biyu aiwatar da umarnin Python a lokaci guda. Na tura masa sakamakon. Maganarsa tana da tushe, amma ba a nan ba. Sassan Pillow masu nauyi da harshen C aka rubuta su, kuma kafin su fara buɗe JPEG ko rage hoto sukan saki makullin, su karɓe shi bayan sun gama. A tsakanin nan zaruruwa suna gudu tare da gaske.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ƙanena ne ya lura, kafin a yanke takarda: fuskar yarinya ɗaya a ƙarƙashin sunaye biyu, ɗayar kuma babu ita sam a shafin. Muka sake kunna aikin a kan hotunan nan dai, ya fito daidai. Muka maimaita, daidai. Sai can wani zagaye ya sake faruwa, a kan wasu yara daban.

Tsarin ba da lamba ne. Tun manhajar tana da zare ɗaya, matakan su ne: duba lamba ta ƙarshe a rumbu, sarrafa hoto, ajiye shi da lamba ta gaba, rubuta sabuwar lambar. Da zare ɗaya babu abin da zai shiga tsakani. Da huɗu kuwa, na farko ya duba ya ga 216, ya tafi rage hotonsa. Kafin ya dawo na biyu ya duba, shi ma 216 ya gani. Kowannensu ya ajiye nasa da sunan 217, na baya ya danne na gaba. Rige-rige ke nan, kuma wanda zai riga ya danganta ga yadda Windows ta raba lokaci a wannan daƙiƙar, abin da ba ya maimaituwa. Da na sa layukan da ke rubuta abin da kowane zare ke yi don in kama shi, ɗan jinkirin rubutun ya canza tsarin shigarsu, matsalar ta ɓuya.

Maganin da littattafai ke fara kawowa shi ne makulli, threading.Lock: duk zaren da zai taɓa lamba ya kulle, ya gama, ya buɗe. Yana aiki idan aka raba lambar a cikin kullen tun kafin a fara sarrafa hoto. Idan kuwa aka kulle matakan duka huɗu, an koma gidan jiya, zare ɗaya ne ke aiki sauran suna layi. Ni dai na zaɓi abin da ya fi sauƙi. Babban zare ya raba wa kowane hoto lambarsa kafin a miƙa aiki ga kowa, kuma shi kaɗai ke rubutu a rumbu idan sakamako ya dawo. Zaruruwan aiki yanzu ba su da wani abin tarayya da za su canza. A ganina duk inda za a iya kauce wa tarayya, ya fi a tsaya gadinta da makulli, don makulli sai an tuna da shi a kowane wuri, ranar da aka manta kuwa ba abin da zai yi ƙara.

Namu kati ne, ana sake bugawa. Na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25 irin wannan aibi ne ya same ta. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima aƙalla sau shida, wasu suka rasu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne idan ma'aikaci ya gyara abin da ya shigar cikin daƙiƙa 8, sashen da ke saita na'urar bai ga gyaran ba. Sai ma'aikacin da hannunsa ya saba, mai sauri, shi ne ke faɗawa ciki.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shiga, aikin manhaja ya koma bayan asham.

Maganar abokina ta Ngaundare ta zo inda take da gaskiya. Makarantu suna son bayan hoto ya zama fari, malamai kuwa a jikin bangon aji suke tsayar da yara, wani rawaya, wani toka-toka. Na rubuta wani mataki da ke bin ɗigo ɗaya-ɗaya, ya gwada launinsa da na bango, ya haskaka wanda ya yi kama. Ɗigo 472 sau 472 ya kama 222,784 a kowane hoto, kuma da Python zalla na rubuta zagayen. Na ba shi zare 4 a ta tebur, CPU ta tsaya cak a kashi 25 cikin ɗari. Ƙwaya ɗaya ke nan cikin huɗu.

GIL makulli ne guda da ke kan mai fassara Python baki ɗaya. Zaren da ke riƙe da shi ne kaɗai ke iya aiwatar da umarnin Python, sauran su jira. Tun daga Python 3.2, mai jira yakan nemi a sakar masa bayan milisakan 5. An sa shi ne saboda Python tana ƙirga masu amfani da kowane abu da ke cikin RAM don ta san ranar share shi, kuma idan zaruruwa biyu suka taɓa wannan ƙirge tare, irin abin da ya sami lambobinmu ne zai sami manhajar duka. Makulli ɗaya babba ya fi sauƙin tsarewa a kan dubban ƙanana.

Hanya ta farko da na gwada ita ce furoses huɗu maimakon zare huɗu, da ProcessPoolExecutor. Kowane furoses da nasa mai fassara da nasa GIL, don haka ƙwayoyi huɗun suka cika. Kuɗinsa shi ne a Windows kowannensu daga tushe yake tashi, ya sake loda Python da Pillow, kuma tun da ba su tarayya a RAM, duk abin da za a miƙa musu sai an kwafe shi. Sunan fayil ake tura musu, ba hoton kansa ba.

Hanya ta biyu ita ta yi nasara. Na sake rubuta matakin da NumPy, wani ƙarin Python na lissafi a kan tarin lambobi, inda ake gwada ɗigogin duka da umarni guda, lissafin kuma a yi shi a cikin C. Abin da ke ɗaukar lokacin da ake gani da ido ya koma ƙiftawa, a kan zare ɗaya ma. Na cire furoses ɗin.

Python 3.13 da ta fito a Oktoban 2024 tana da wani nau'i na gwaji da aka cire wa GIL, bisa shawarar PEP 703 ta Sam Gross. Zan gwada shi a tawa don sha'awa. Shagon Kawu ba wurin gwaji ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Idan aka rufe taga ana tsakar aiki, manhajar takan maƙale a ɓoye, ba ta fita. Ga dalili: tun farko na taƙaita tsawon layin saƙo don kada ya cinye RAM. Wajen rufewa, babban zare yana jiran zaruruwan aiki su gama kafin ya fita, su kuma suna jiran a rage layin da ya cika don su jefa nasu, mai rage layin kuwa shi ne babban zaren. Kiki-kaka. Edsger Dijkstra ya zana irin wannan tun 1965 da misalinsa na mutum biyar a teburin cin abinci, kowa ya riƙe cokali ɗaya yana jiran na maƙwabcinsa. Gyara: a ɗaga tutar tsayawa, a soke ayyukan da ba a fara ba, a ci gaba da kwashe layi har zare na ƙarshe ya fita, sannan a rufe taga.

Litinin, 24 ga Maris

Zafin Garwa ya kankama, da rana ana haura digiri 40, kuma ya shigo cikin lissafi. Gwajin da na yi a Fabrairu ya daina fitowa daidai a tawa. Da zare 4 takan fara da gudu, fanka ta yi ta kuka, bayan 'yan mintoci sai saurin CPU ya sauka ƙasa. Kariya ce da aka gina a ciki: i5-3320M iyakarta digiri 105, idan ta doshi nan sai ta rage gudu da kanta. Na buɗe ta, ƙurar hunturu ta toshe mafitar iska kamar auduga. Na share, na canza man da ke tsakanin CPU da ƙarfen sanyaya ta. Ta samu sauƙi, amma da tsakar rana zare 2 da zare 4 kusan lokaci ɗaya suke gamawa, zare 4 ɗin ya fi cin batir kawai.

Na kuma zauna na auna kowane mataki daban, don in ga me ya hana ta tebur kaiwa ninki huɗu. Akwai ɓangaren da ba ya rabuwa: karanto jerin sunaye, rubutu a rumbu, jera hotuna a shafin A4 mai ɗigo 2480 a kan 3508, haɗa fayil ɗin bugawa. Gene Amdahl ya yi wannan lissafi tun 1967. Idan kashi ɗaya cikin biyar na aiki dole a yi shi a jere, ƙwaya 4 ninki biyu da rabi za su bayar, kuma ko an kawo ƙwaya dubu ba za a wuce ninki biyar ba.

Awon ya nuna wani abu kuma. Mafi yawan lokaci ba a rage hoto yake tafiya ba, a buɗe shi ne. Muna warware ɗigo miliyan 12 don mu riƙe dubu ɗari biyu da 'yan kai. Tsarin JPEG yana ba da damar a buɗe hoto kai tsaye a rabin girmansa, ko kashi ɗaya cikin huɗu, ko cikin takwas, kuma Pillow tana da umarnin draft() na yin hakan. A kashi ɗaya cikin huɗu hoton yakan fito 1000 a kan 750, ya isa katin 4x4 idan malami ya matso kusa da yaro. Idan ya ɗauka daga nesa sai a buɗe a rabi. Layi ɗaya na ƙara, ribarsa ta fi duk abin da zaruruwa suka kawo tun Fabrairu, RAM ɗin da kowane hoto ke ci kuma ya sauka daga megabayit 48 zuwa 3. Ba na cewa aikin zare ya tafi a banza, don shi ya raya taga, kuma har yanzu yana rage lokaci. Amma da awo aka fara, da wannan layin ne zai zo a sahun gaba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Salla, an dawo. Manhajar yanzu da kanta take zaɓen adadin zaruruwa. Tana tambayar psutil, wani ƙarin Python mai ba da bayanin kwamfuta, yawan ƙwayoyi na gaske, ba gurabu ba, ta buɗe daidai da su: 4 a ta tebur, 2 a tawa. Idan an ɗauke wuta kuma kwamfuta tana kan batir, ta koma zaren aiki ɗaya. Na bar wurin canza adadin da hannu, a ɓoye cikin saituna inda ƙanena ba zai yi wasa da shi ba.

Kawu yana shawarar ƙaro kwamfuta, wani mai sayarwa a kasuwa ya ce masa yana da mai "ƙwaya takwas". Na ce, "Kawu, kafin ku ba da ko sisi, ku sa ya buɗe shafin nan ku karanta layin Cœurs, ba na ƙasansa ba." Na kuma rubuta masa lambar CPU da zai nema, tsara ta 8 ko sama, domin Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, namu na 2012 kuma ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Ga aikinmu, faifan SSD da RAM gigabayit 8 sun fi ƙarin gurabu amfani.

Abin da ya rage: haɗa manhajar ta zama fayil guda da PyInstaller don a kai wa Yaya a shagonsa na Marwa, inda kwamfutarsu mai ƙwaya biyu ce ba Hyper-Threading. Sai kuma ɗauko hotuna kai tsaye daga waya ta USB, aikin da kusan dukansa jira ne, inda nake sa ran zaruruwa fiye da adadin ƙwayoyi za su yi amfani. Shi zan fara aunawa ranar Litinin.